Tuƙar da Ban Tauna Ba

Mariama, Nasiru, da ku ƙananan da kuka taso kuka tarar da gaba a gida kuka rungume ta: wannan babi naku ne, kuma ba zai yi muku daɗi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan kuna wuce ƙofar Baffanku Habu kamar gidan ba kowa. In an tambaye ku dalili, amsarku ɗaya ce: wai shi ya tozarta ubanku a tashar rake, gaban jama'a, ina fama da ciwo, don ya gaje aikina. Na sha jin kuna faɗar haka ina zaune a zaure, ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Yau zan gyara. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya kira ni yana huci, musamman kai Nasiru, da ka kwashe zafin zuciyata kaf ba ka rage wa kowa ba.

Sai na fara da aikin, don ku 'yan lakwal ne, masu karatun boko, rake a faranti kuka san shi, an fere an yayyanka. Attajiran Damagaram da ke zuwa Matamaye ba sa sayen rake dami-dami. Garka guda suke saye tana tsaye, a sare, a loda a kamiyo, babbar motar kaya, a yi arewa da shi har Agadas. To, a garakenmu na Dungu da Kance, bakin garka zai ba ka zaƙi har kunne, amma ka gangara can ƙasa inda ruwa ke kwanciya, kanwa ta kama ƙasar, sai ka ji raken salam da ɗan gishiri-gishiri. Ido ba ya ganewa, kara ɗaya ne, ganye ɗaya ne. Don haka mai saye yana bukatar bakin da ya yarda da shi. Aikin mahaifinmu ke nan, da ya rasu ya zama nawa. Ka shiga garka kai kaɗai, ka sari kara uku: ɗaya a baki, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa. Ka sha kowanne, ka fito da tuƙa uku a tafin hannu, ka nuna wa mai garka da mai saye, shaidar cewa haƙorinka ya ratsa su. Sannan ka ce “a saya” ko ka ce “a bari”. Daga nan babu mai ja. In na ce a saya, sai Habu ƙanena ya kawo masu sara, ya tsaya a kan lodi har kamiyo ya tashi. Ni baki, shi hannu, haka muka yi shekaru ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Ni kuwa a lokacin ban san zama ba. Garka uku nake shiga kafin azahar, moto, wato babur ɗina, ba ta hucewa. Mahaifiyarku Rakiya, Allah ya jiƙanta, takan ce tabarmar gidanmu ba ta san ni ba, sai dai ta ji labarina a wurin takalmi. Ina sauri a tafiya, ina sauri a ci, ina sauri a fushi. Mutum mai sanyin jiki haushi yake ba ni, kuma Habu mai sanyin jiki ne tun yana ƙarami. Sau nawa na daka masa tsawa gaban masu sara, sai ya ce, “To, Yaya,” ya ci gaba da abinsa a hankali.

Ciwon da ido ya fara. Da la'asar sai fatar idona na hagu ta sauko da kanta, abokai na yi mini tsiya wai da tsufana na koyi kashe wa mata ido. Ni ma na yi dariya. Daga baya na fara ganin kamiyo ɗaya ya zama biyu a hanya. Sannan muƙamuƙi. Ina cikin cin tuwo sai bakin ya gaji, kamar wanda ya wuni yana tauna ƙirgi, in tsaya da loma a baki ba gaba ba baya. Murya ta koma ta hanci. Muguntar ciwon nan ita ce da safe ba ya nan. In na tashi, ga ni garau, ido a buɗe, in fasa gaɓar rake da haƙori ɗaya, in ce kai, gajiya ce kawai. Rana na yin sama yana dawowa, kafin magariba ya gama da ni. Wa zai yarda da ciwon da ke zuwa da yamma ya tafi da asuba? Ni kaina ban yarda ba. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi, wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ce na taka a kwari. Na je ƙaramin gidan likita sau ɗaya, aka auna jini aka ce lafiya lau, in huta. In huta! Ni da lokacin sara ya kama.

Sai na shiga dabara. Na mai da duk shiga garka safiya. Na sayi baƙin tabarau. Na daina cin komai a tasha, in an miƙo mini in ce na ƙoshi. In baki ya fara sakewa sai in tallafe haɓa da hannu kamar mai zurfin tunani, har aka fara cewa Ilu ya yi hankali. Rakiya ce kaɗai ba ta sayi wannan ba, don ita ke dama mini kunu kullum a madadin tuwo.

“Maigida, wannan ba gajiya ba ce. Ka gaya wa Habu ko ya riƙa shiga garka a madadinka.”

“Habu? Habun da bai san bambancin rake da karan dawa ba? Kada in sake jin maganar nan.”

Ƙarya na yi. Tare mahaifinmu ya koya mana, kuma bakin Habu bai gaza nawa ba. Tsoro nake ji.

Ranar da abin ya faru, Alhaji Laminu ne ya makara. Shi ne babban mai sayenmu, tun zamanin mahaifinmu yake tare da gidanmu. Kamiyonsa ya lalace wajen Icirnawa, bai iso Dungu ba sai bayan la'asar, ga babbar garka da wani ke neman riga shi. Na ce a bari sai da safe. Ya ce, “Haba Ilu, yau kuma kai ke cewa gobe?” Mutane suka yi dariya. Sai na ɗauki adda na shiga. Ban yi taku talatin ba ƙafafuna suka ƙi. Na zauna a kan kunya, ganye ya rufe ni, ina jin muryoyinsu a waje. Ƙasan garkar na can nesa, na san ko da rarrafe ba zan kai ba. Na sari kara uku daga gindi ɗaya, inda hannuna ya kai. Na kai ɗaya baki, haƙori ya ƙi shiga. Na sake, na sake, hawaye na zubo mini don baƙin ciki. Daga nan na ɗora su a kan wani dutse, na daddake da ƙotar adda, na matse ruwan a harshe. Zaƙi ne, mana, ai bakin garka ne. Na murje tuƙar a hannu, na jira ƙafa ta ɗan dawo, na fito na buɗe tafi.

“A saya.”

Alhaji ko kallon kirki bai yi wa hannuna ba, ya juya yana wa mai garka murmushi. Habu ne kaɗai ya tsaya yana duban tuƙar nan, ya daɗe, sannan ya ɗago ya dube ni. 

Rabin garkar nan kanwa ce. Da raken ya isa Agadas masu saye suka ɗanɗana suka tofar, aka ce har jakuna aka zuba wa. Alhaji ya dawo Matamaye ransa a ɓace, ya tara mu a tasha, ya yi maganar da har yau take hana ni zama wuri ɗaya.

“Bakin Ilu bai taɓa yi mini ƙarya ba, haka na ubansa. Tunda ya ce a saya, garkar mai kyau ce. A wurin lodi aka cuce ni. Habu, raken wace garka ka cusa mini a tsakiyar kamiyo?”

Habu ya dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa. Kalma huɗu ta isa in wanke shi, kuma da safe ne, bakina lafiya lau, ba ni da uzurin ciwo. Ban wanke shi ba. Alhaji ya karɓe lodi daga hannunsa, masu sara suka watse suka bar shi, wata biyu Baffanku na yawo a garin nan da sunan ɓarawo. Wannan ba ku taɓa sa shi a labarinku ba.

Sau uku yana zuwa zaurena. Zuwan farko ya zauna a ƙasa, ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya yi ƙasa da murya.

“Yaya, na ga tuƙar nan. Babu haƙori a jikinta.”

“Me kake nufi?”

“Ba don sunana na zo ba, suna ya dawo ko kada ya dawo. Tashi mu je Damagaram a duba ka.”

Na ce ya fita mini daga gida. Na biyu ma haka. Na uku ko sallamarsa ban amsa ba. Lissafina shi ne, ranar da aka ji Ilu na gadon asibiti saboda bakinsa ya mutu, ranar kowa zai tuna garkar Dungu. Na gwammace in mutu a tsaye da sunana. Kuma na kusa. Wata rana da azahar ina shan fura ta sarƙe ni, ta fito ta hanci, numfashi ya ɗauke. Rakiya na dukan bayana tana salati, ni ina ganin duhu. Da na dawo, maimakon in gode wa Allah, sai na yi rantsuwa cewa duk wanda ya kai maganar nan waje ba ni ba shi. Ta dube ni kawai, ta ɗauki ƙwaryar ta fita.

Kwana biyu bayan haka ne ranar da kuke ba da labari, ko da yake babu ɗayanku a wurin. Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, tasha ta cika. Ina zaune kusa da Alhaji, tabarau a ido, hannu a haɓa, ina ƙirga lokacin da zan sulale gida. Sai ga Habu da gaɓar rake mai kauri, ya fere ta tas. Ya durƙusa gabana ya miƙo da hannu biyu.

“Yaya, wani rake aka kawo mini. A ɗanɗana mana.”

Na ce na ƙoshi. Muryar ta fito ta hanci. Alhaji ya ce, “Mai ɗanɗano yana ƙoshi? Karɓi mana, Ilu.” Ido ya yi mini yawa. Na karɓa, na sa a baki, na tara duk ƙarfin da Allah ya bar mini. Ko alama ban yi wa raken ba. Ya suɓuce ya faɗi a ƙasa, bakina ya saki, yawu ya zubo mini a riga, ni mai shekara hamsin da wani abu.  Habu ya miƙe, ya tsaya tsakanina da mutane, ya sa hannun rigarsa ya goge mini baki.

“Jama'a, Yayana ba shi da lafiya. Ya daɗe ko tuwo ba ya iya ci. Ciwo ne, ku yi masa addu'a.”

Bai ambaci garkar Dungu ba, ko da kalma ɗaya. Amma Alhaji ba yaro ba ne. Na ga ya dubi raken da ke ƙasa, ya dubi Habu, ya dafe kai. Habu ya kama ni ya kai ni bayan rumfa, inda wata mota ke jira injinta a kunne. Ga abin da ba ku sani ba. A kujerar baya mahaifiyarku ce zaune, da jakar kayana a cinyarta, da bargo, da butata. Ba mu yi nisa da gari ba ta yi magana, ba ta ko dube ni ba.

“Ni na je gidansa na durƙusa na roƙe shi. Sau biyu yana ƙi. Na ce masa muddin kana da abin ɓoyewa ba za ka je ba, sai dai a kai gawarka. In fushi za ka yi, ga ni.”

A Damagaram an yi ta juya ni kwana da kwanaki, wannan ya ce shanyewar jiki ce, wancan ya ce a'a, kafin a kai ni wurin wata lokotoro, likita ce yarinya da ba ta girmi Mariama ba. Na raina ta, ba zan ɓoye ba. Ta sa ni in kafa ido a yatsanta sama, tana kallon fatar idona na saukowa. Ta sa ni ƙirga da ƙarfi har muryar ta narke. Sannan ta aika aka kawo ƙanƙara, ta naɗe a ƙyalle ta ɗora mini a ido na ɗan lokaci. Da ta ɗauke, idon ya buɗe tar. Habu ya yi kabbara.

“Baba, sunansa miyasteni. Ba mu cika ganinsa ba, shi ya sa aka wahalar da kai. Naman jikinka lafiyarsa lau, saƙo ne ba ya isa gare shi, jikinka da kansa ke tare hanya. Ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a manta. Zama za ku yi tare, amma za mu koya masa ladabi.”

Ta ba ni ƙwayoyi, da wata takarda da ta ce kada in rabu da ita ko ina, mai ɗauke da sunayen magungunan da ba za a ba ni ba ko ciwon me ya kama ni. Har yau tana aljihuna, ta yi laushi kamar tsumma.

Kun san sauran, kun gani da idonku, amma ba ku san yadda yake daga ciki ba. Ciwon bai dame ni kamar zaman ba. In sha ƙwaya, in jira ta kama, in yi sauri in ci abinci kafin ta sake ni. Fuskata ta kumbura saboda magani, har jikoki na gudu na. Na ƙirga azarar zauren nan har na san wadda gara ta fara ci. In na ji kamiyon rake ya wuce sai in miƙe ban sani ba, in kai bakin ƙofa, in dawo in zauna, in sake miƙewa. Da damina zazzaɓi ya kama ni, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, aka kwashe ni sai asibitin Yamai ina numfashi da ƙyar. Na dawo na fara daga farko: yau daga zaure zuwa gindin tsamiya, gobe in ƙara taku biyar, jibi in faɗi a ɗauko ni. Na yi wa Rakiya faɗa a kan gishiri, a kan ruwa, a kan ba komai. Sai a shekara ta uku lokotoro ta fara rage mini ƙwaya. Tuwo ya dawo, nama ya dawo, moto ta dawo amma da safe kawai. Yanzu ɗan kaɗan nake sha, kuma in na ji ido ya yi nauyi na san gargaɗi ne, in nemi tabarma. Ta san ni yanzu, tabarmar.

Ƙwayoyin nan ba a samunsu a Matamaye, wani lokaci har Damagaram babu. Kun taɓa tambayar wa ke tsallaka iyaka ya nemo su a Kano? Baffanku ne, ta ƙofar baya yake miƙa wa mahaifiyarku, don na ce kada ya taka mini zaure. Alhaji ya nemi gafararsa gaban jama'a, ya ba shi aikin ɗanɗano. Ku kuka ga haka kuka ce, ga shi nan, abin da yake nema ke nan. Ni kuwa na ji kuna faɗa, kuma na ji daɗi. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi mini wuyar rubutawa. Fushinku ya rufa mini asiri, a cikinsa ni ne wanda aka zalunta. Na hana Rakiya ta gaya muku. Duk sallah takan ce, “Ku je ku gai da Baffanku,” ku ce Inna ta cika haƙuri. Ta rasu da maganar a cikinta, shi kuma bai taɓa kare kansa ba, don kare kansa sai ya tona ni, ya tona ta.

Shekaru ke nan ina iya shan rake, amma ban sake shiga garka ba. Juma'ar da ta wuce na tashi da sassafe na tafi Dungu, garkar nan dai, ɗan mai ita ke nomanta yanzu. Na roƙe shi adda. Na sari ɗaya a baki, na sari ɗaya a tsakiya, na gangara har ƙasa, laka na kama mini takalmi, na sari na uku. Na zauna na sha su ɗaya bayan ɗaya, ina hutawa tsakani. Na ƙasan har yau gishiri-gishiri ne. Na ƙulle tuƙar a gefen rawani, na wuce kai tsaye ƙofar Habu. Yana zaune a kan buzu yana gyaran igiya, ya yi furfura fiye da ni. Ya yunƙura zai tashi, na riga shi durƙusawa. Na kwance ƙullin, na zuba a tafina, na miƙa masa. 

Ya ɗauki tuƙar ɗaya-ɗaya yana juyawa a hankali, irin sanyin nan nasa da ke ba ni haushi.

“Da haƙori a jiki, Yaya. Ka kai har ƙasa kuwa?”

“Na kai. Kanwa ce. Tun ranar ma kanwa ce, Habu, ban je ba ne. Ka yafe mini.”

Ya rufe mini tafin hannuna da nasa biyu, ya riƙe.

“To, a saya,” in ji shi.

Muka yi dariya, muka yi kuka, mutane na wucewa masallaci suna kallon tsofaffi biyu. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin hanya, sai ya ce, kamar ba komai ba:

“Jiya Nasiru ya wuce nan a moto da ɗansa a gaba. Bai gan ni ba, ina jin. Yaron ya yi wayo. Yaya sunansa?”

Shekarar yaron shida, Nasiru. Ban gaya masa sunan ba. Na ce ubansa zai kawo shi ya faɗa da bakinsa.